Askin Rufa'i a Gidan Ɗori

Mu huɗu ne a ɗakin, babu mai cikakken jiki ko ɗaya.

Gidan wani mai ɗori ne a Aliero, bayan inda ake lodin albasa. Ni ƙwaurina ne ya karye. Ina kabu-kabu a hanyar Jega akuya ta tsallako, na kauce mata, ban kauce wa kwalbati ba. Malam Uba tsohon manomi ne daga Sabiyal. San huɗarsa ne ya ture shi ya taka masa cinya, kuma har yau cewa yake san ba shi da laifi. Tawfiq ɗan Kaduna ne, yana karatu a jami'ar garin, ƙwallo ta karya masa idon sawu. Na huɗunmu Rufa'i.

Rufa'i ɗan lodi ne daga Maiyama. Ya zamo daga saman tirela, ya tari ƙasa da hannu biyu, duka biyun suka tafi. Mai ɗori ya jera musu kara ya naɗe tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ƙafafunsa lafiya lau, amma ko ƙuda ba ya iya korewa. Mu ke ba shi fura a baki, yau ni, gobe Tawfiq.

Gargasa ne. Ya ce a gida duk kwana uku yake zama gaban wanzami, a share masa kumatu tas, a bar ɗan gemu a haɓa. A nan ya yi mako biyar aska ba ta taɓa shi ba. Ƙasumba ta haɗe da saje, ta hau har ƙarƙashin ido, ta sauka wuya ta gaisa da gashin ƙirji. In yana barci ba ka gane inda bakin yake sai ya yi minshari.

Wata Laraba matarsa Murja ta zo dubiya, da kular tuwo da 'yarsu Ihsan mai shekara biyu da rabi. Tun da safe Rufa'i ke tambayar ƙarfe nawa. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Murja ta sauke yarinyar daga baya.

"Tahi ki gai da Abba."

Ihsan ta yi taku uku ta tsaya. Ta dubi gashin. Ta dubi hannuwa biyu da ke miƙe cikin kara kamar na mutum-mutumin gona. Rufa'i ya yi mata murmushi, amma murmushin bai samu hanyar fita ba, haƙora kawai aka gani a cikin duhu. Yarinyar ta ƙwalla ƙara ta koma ta cusa kai cikin hijabin uwarta. An yi lallashi, an ba ta biskit, Tawfiq ya kunna mata waƙar yara a waya. Ba ta sake leƙowa ba har suka tafi.

"Rabu da ita," in ji Rufa'i. "Ƙuruciya ta."

'Yar fari ce, shi kuwa mutumin da ne ta wannan fannin. Bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, sai dai ya ce yarinyar can. Da suka tafi ya ce ba ya jin yunwa. Tuwon nan mu uku muka cinye shi, da miyar kuka da man shanu, shi yana kwance yana kallon rufin ɗaki.

Ranar Asabar Murja ta kira. Ni na riƙe masa wayar a kunne, saboda haka na ji komai. Ta ce yarinyar ta yi kwana biyu tana firgita cikin barci. Ta ce Inna, mahaifiyar Rufa'i, ta yanke magana: Laraba mai zuwa a sake gwadawa sau ɗaya, in ta kuma yin irin wancan kukan ba za a ƙara kawo ta ba sai ya koma gida. Mai ɗori kuwa ya riga ya ce Rufa'i na da sauran mako shida.

"To," in ji shi. "Duk yadda Inna tac ce."

Na kashe wayar.

Washegari ya tashi da ƙorafi.

"Wanga gashi ya dame ni. Zahi na. Gumi shina taruwa ciki, ƙaiƙai awa an zuba mini ƙaiƙayin gero."

Malam Uba na jan tasbaha, bai ko ɗago ba.

"Mako biyar ba ka ji ƙaiƙai ba sai da ɗiya tag guje ka."

"Baba, ƙaiƙai na."

"Ai na ji. Irin ƙaiƙan nan mai shekara biyu da rabi."

Wanzamin da ke zagayo gidan ya tafi bikin 'yarsa, babu wanda ya san ranar dawowarsa. Akwai shagon aski a bakin kasuwa, amma mai ɗori ya kafa doka: wanda ke cikin kara ba ya wuce zaure. An taɓa samun wanda ya fita shan iska amalanke ta goge shi, aka koma farko. Tawfiq ya ce a kira mai shagon ya zo da kilifa mai caji. Rufa'i ya ce kilifa na fito masa da ƙuraje, kuma tana barin baƙi-baƙi. Fuskar da aka san shi da ita a gida ta aska ce.

Malam Uba ya juyo da kai ya dube ni.

"Kai Naziru. Ba kai na ɗan Wanzam Abba na Kimba ba?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba a gidan.

"Wa yag gaya maka, Baba?"

"Kunnuwanka. Ubanka ya yi mini ƙaho sau ukku. Duk sa'ad da yad duƙa, kunnuwan ga nika kallo."

Gaskiya ne. Tun ina aji huɗu na firamare nake riƙe aska. Da na gama sakandare na ce ni ba zan yi yawo da zabira ba. Mahaifina ya ce to. Ya rasu bara waccan, zabirar na rataye a ɗakin mahaifiyata. Rabona da ɗora aska a fuskar mutum shekara huɗu.

"Hannuna ya mance," na ce.

"Hannun ɗan wanzam ba shi mantuwa, sai dai shi yi hushi."

Rufa'i bai roƙe ni ba. Ya dube ni kawai ta cikin gashin. Na ce a kawo aska.

Askar na wurin Malam Uba, naɗe cikin tsumma a ƙasan jakarsa, tare da ɗan dutsen wasawa da gwangwanin madara cike da sabulun salo, baƙi wuluk, wanda matarsa ke dafawa da kanta. Na sa aka tafasa askar. Na zauna ina wasa ta har ta kwashe gashin bayan hannuna ban ji wucewarta ba.

Sai ga Tawfiq ya ɗingiso da 'yar jakarsa. Ya fito da kirim ɗin aski, irin na matsawa kamar man goge baki, da ɗan buroshi mai kai kamar jelar zomo. Ya ajiye su gabana.

"Da wannan za a yi. Wancan sabulun na wankin tukunya ne."

Malam Uba ya ajiye tasbaha.

"Kai da gemunka guda bakwai? Na ƙirga su tun shekaranjiya don rashin aikin yi. Kai za ka koya muna aski?"

"Tara ne, Baba. Ka tsaya ka ji. Gashin mako biyar ai waya ne. Kirim na jiƙa shi ya yi laushi, aska ta bi ta zame. Sabulunka minti biyu ya bushe a wannan zafin, ya bar mutum fata na raɗaɗi kamar an shafa barkono."

"Shi bushe a sake jiƙawa. Ruwa sun ƙare duniya? Wanga sabulu da irinshi anka yi mini askin angonci. Toka ta da man kaɗe, na san uwarshi na san ubanshi. Naka wa yas san abin da anka zuba ciki? Karanta muna."

Tawfiq ya juya bayan kirim ɗin ya fara karantawa. Ya kai kalma ta uku ya tsaya.

"Sunayen kimiyya ne."

"Kun ji ba. Ko mai abun bai san sunanshi ba."

"Baba, kai ma ba ka san abin da ke cikin maganin da mai ɗori ke shafa maka ba, kuma kullum kana miƙa cinya."

"Wancan gado na. Naka haye na."

Suka wuni a haka. Mutanen ɗakin da ke kusa da namu suka shigo cikin maganar ta taga. Wani direba mai karyayyen haƙarƙari ya goyi bayan kirim, ya ce a Legas ko mai gadi da shi yake aski. Wani Bafulatani mai karaya a kafaɗa ya ce duka biyun lalaci ne, shi ruwa kawai yake shafawa. Aka haɗu aka ba shi haƙuri.

Ban taɓa aiki da kirim ba, kuma ba na son in fara koyo a maƙogwaron mutumin da ba shi da hannun ture ni. Ranar Litinin na ce ina son kan gwaji. Malam Uba ya cire hula tun kafin in rufe baki.

"Ga shi. Raba shi biyu. Yau za a san wa ka ƙarya."

Na fara da ɓangaren sabulu. Sabulun yadda na san shi yake: siriri, mai santsi kaɗan, yana bushewa kafin ka gama tafin hannu ɗaya, sai ka riƙa bin kan gutsure-gutsure kana jiƙawa. Na koma ɗaya ɓangaren. Tawfiq ya matsa kirim kamar ƙwayar gyaɗa, ya juya buroshi, kumfa ta tashi fara sol mai kauri. Na ɗora aska. Ta tafi kamar cikin dafaffiyar kabewa, babu ja, babu ƙara.

Malam Uba ya ce, "Mi na na wanga sanyi?"

"Na'a-na'a ce a ciki, Baba," in ji Tawfiq.

"Hm. Awa an buɗe taga bisa kaina." Ya lumshe ido. "Ba shi da albarka dai. Ƙara mini nan bayan kunne in tabbata."

Har mutanen taga suka fashe da dariya. Rufa'i ma ya yi, ƙasumbar duka tana girgiza, karo na farko tun waccan Larabar.

Na tambaye shi wanne yake so.

"Ko da toka ta, ku dai cire."

Na zaɓi kirim. Gashin nan na Rufa'i ba na Malam Uba ba ne, mai tauri ne, a murɗe, kuma fatar da ke ƙarƙashinsa ta yi mako biyar ba ta ga rana ba. Ina son abin da zai jiƙa shi ya tsaya a jiƙe. Malam Uba ya ce ya yafe mini, yaran yanzu haka suke.

Murja ta ce sai azahar za su iso, don motar Maiyama ba ta tashi sai ta cika, kuma sai sun sake wata a Jega. Saboda haka ranar Laraba muka fara da hantsi, a natse. Aka fitar da ni tsakar gida na jingina da bango, ƙafar a miƙe. Rufa'i ya zauna kusa da ni ya tanƙwashe ƙafa, aka sa masa matashi biyu ya ɗora hannuwan. Malam Uba ya sa aka jawo tabarmarsa bakin ƙofa, ya ce ba za a yi ɓarna bayan idonsa ba. Aka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi. Na jiƙa tawul na rufe fuskar Rufa'i har gashin ya kwanta.

"Kumfa aikina ne," in ji Tawfiq.

Wannan karon ba ƙwayar gyaɗa ya matsa ba. Ya matsa kamar tsawon yatsa, ya ƙara. Ya yi ta juya buroshi yana bayani. Kumfa ta hau kumatu, ta hau kunne, ta rufe baki, ta tsaya daidai ƙarƙashin ido. Ya tattaro sauran ya yi masa tsini a haɓa, ya ja da baya da ƙafa ɗaya yana duban aikinsa, ya zaro waya zai ɗauki hoto.

"Ga ango ya hwaɗa ƙwaryar nono," in ji Malam Uba.

Na ɗauki aska ke nan aka yi sallama a zaure. Muryar mace.

Direban tirelar da Rufa'i ke wa lodi ne ya ga su Murja a tasha, ya ɗauko su kai tsaye.

Ihsan ce a gaba, da ƙafarta. Sabuwar riga, sabon kitso da 'yan duwatsu a jela, biskit a hannu. Daga baya Murja ta ce tun daga Maiyama take karanta mata: Abba na, gashi na kawai, gashi ba ya cizo. Yarinyar ta shigo da shirinta na ganin mai baƙin gashi. Ta tarar da wani farin abu mai jajayen ido biyu, da tsini a haɓa, da hannuwan kara.

Rufa'i ya ce, "A'a, tsaya..."

Kumfar ta tsage ta tsakiya, baki ya bayyana, wani guntu ya faɗo masa a ƙirji.

Kukan waccan Larabar wasa ne. Ta juya ta nufi zaure, ta ci karo da ƙafafun mai ɗori da ya leƙo jin abin da ya faru, ta dawo da gudu, ta faɗa bayan randar da ke kusurwar gida ta maƙale.

Murja ta yi ƙoƙarin danne dariya. Ta ajiye kular abinci a hankali, ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa. Mutanen taga ba su yi ƙoƙarin komai ba. Tawfiq ya mai da buroshin bayansa kamar ba a gan shi ba.

"Ku mai da ta gida," in ji Rufa'i.

Muryar ba ta fita da ƙarfi ba, amma dariyar ta tsaya.

"Ku gaya ma Inna tana da gaskiya. Ku tahi tun rana ba ta yi ba."

"Wallahi laifina ne," in ji Tawfiq. "Naziru, mu shigar da shi ɗaki. Da kirim ɗin nan minti biyar ka gama. Sai ya fito fes, shi ke nan."

Magana ce mai hankali. Na kusa cewa to. Sai na dubi randar. Ƙafa ɗaya kawai ake gani, da takalmin roba ja, tana rawa.

Dodo biyu ta gani a wuri ɗaya, baƙi da fari, duka da hannuwan kara. In na uku ya fito daga ɗaki da hannuwan nan, ba za ta tsaya duban fuska ba. Kuma ko ta duba, wa zai gaya mata inda na farko da na biyu suka shiga? Sai dai a yi a gabanta. Kirim kuwa ba a ganin abin da aska ke yi a ƙarƙashinsa.

Na ɗauki tawul na share kumfar duka. Gashin ya dawo, a jiƙe, baƙi.

"Baba, miƙo gwangwaninka."

"Allahu akbar!" in ji Malam Uba. "Ku shaida! Kai na taga, ku shaida!"

"Ba don ya hi ba na, Baba. Don ba shi ɓoye komi."

"Duk ɗaya. An dai dawo gida."

Na ce wa Murja, "Yaya Murja, zamna can kusa da randa. Kak ki jawo ta, kak ki ce ta diba. Kowa shi yi abin da ka gabanshi."

Ta je ta zauna ta ba randar gefe, ta fara kwance ɗaurin kula kamar abin da ya kawo ta ke nan.

Na lakato sabulun da yatsa biyu, na murza da ruwa a tafin hannu, na shafa a kuncin hagu, wanda ke fuskantar randa. Ba kumfa, sai ɗan sheƙi kawai, kowane gashi na nan ana gani. Na ja fatar da babban yatsa. Na ɗora aska.

Ƙar. Ƙar.

Faɗin yatsa biyu na fata ya fito, ja-ja, ya fi goshinsa haske. Na share askar a bayan hannuna. Sabulun gaba ya riga ya bushe. Na jiƙa, na sake.

Malam Uba ya gane abin da ake ciki. Ya juya wurin Tawfiq da babbar murya ya tambaye shi me ya sa ƙarti ashirin da biyu za su bi ƙwallo ɗaya, gwamnati ba za ta iya saya wa kowa tasa ba? Tawfiq ya karɓa. Suka kama, ba wanda ya dubi kusurwa.

Kukan ya sauka ya koma shessheƙa.

"Tana kallo?" in ji Rufa'i ta tsakanin haƙora.

"Ruhe baki, aska na kusa."

Ƙar.

"Tana kallo?"

"Ido guda."

Duk mun tarar da shi a gidan ne, babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a cikinmu. Ina sauka daga saje sai ga bille, siriri, a karkace daga gefen hanci zuwa tsakiyar kunci. Ƙarƙashinsa kumatu cike, irin na wanda uwarsa ba ta yaye shi da wuri ba. Malam Uba ya katse gardamarsa.

"Kai! Ashe yaro na? Ni da nike ce mishi Malam Rufa'i!"

Rufa'i ya so yin dariya. Na ɗaga askar har ta wuce masa.

Da na iso gefen baki na tsaya. Ban san inda gemunsa na da ya fara ba.

"Ina iyaka?"

"Nan," in ji shi, ya turo haɓa gaba, kamar hakan zai nuna mini wani abu.

Na dubi Murja. Ba za ta tsura wa mijinta ido a gaban maza ba. Ta dubi ƙasa, ta ɗora yatsa a kan hijabinta daidai haɓa, ta zana ɗan baka daga nan zuwa nan.

"Kak ka matse shi da yawa," ta ce wa ƙasar. "Da sallar bara wanzami ya mai da shi awa bunsuru."

"Wa yat tambaye ki wannan?" in ji Rufa'i.

"Mu munka tambaya," in ji Malam Uba. "Ci gaba, ɗiyata."

Na bi layin da ta zana. Na share ƙarƙashin muƙamuƙi, na sauka wuya ta hagu a hankali, gutsure-gutsure, ina jiƙawa. Da kirim da tuni na gama duka fuskar. Gumi na bin bayana. Ƙafata ta fara zugi saboda zaman, ban motsa ba.

Sai na ji ƙarar 'yan duwatsun kitso. Kusa. Suka yi shiru. Suka ƙara matsowa.

Ban juya ba sai da na ga jan takalmi daidai karan ƙafata. Na ɗaga askar sama, na mai da ta bayan kaina.

Ihsan ta tsaya tana duban kuncin hagu, hanci na zuba, biskit ɗin ya jiƙe a hannunta. Ta zagaya ta bayan matashi ta leƙa kuncin dama, wanda ke nan da gashinsa. Ta ɓata fuska. Ta dawo hagu. Rufa'i ko numfashi ba ya yi. Ta miƙa yatsa ɗaya ta ɗora a kan billen, ta bi shi daga sama har ƙasa.

Ba shi ta yi wa magana ba. Uwarta ta waiwaya.

"Umma. Ga Abba."

"To," in ji Murja. Ta koma kan kularta.

Yarinyar ta juyo kaina, ta nuna ɗaya ɓangaren da biskit.

"Cire."

"Yanzu kuwa, ranki shi daɗe," na ce.

Amma ba ta ba ni wuri ba. Ta dafa gwiwar ubanta ta hau. Rufa'i ya fara ɗaga hannuwan.

"Kak a motsa mini hannu!" in ji mai ɗori daga bakin zaure.

Ya mayar da su kan matashi. Ta shige tsakaninsu da kanta, ta gyara zama, ta jingina baya da ƙirjinsa. Ta tuna da biskit ɗin, ta miƙa sama ta cusa masa a baki. Ya tauna. Idonsa na can cikin rassan dogon yaro, kamar akwai wani tsuntsu da ya daɗe yana nema.

"Ku ɗauke ta," ya ce. "Za ta ɓata mini ɗori."

Babu wanda ya motsa.

Malam Uba ya yi hamma mai tsawo. "Ni kwana nika ji," ya ce, ya juya fuska bango da hantsin Allah, ya ja mayafi har ka. Mai ɗori ya tuna yana da baƙi a waje. Tawfiq ya duƙa kan wayarsa. Aka rufe taga daga ciki.

Ni ba ni da ƙafar tashi, sai na dubi askar.

Ta gefen ido na ga Rufa'i ya sauko da kai a hankali, har haɓarsa ta sauka a tsakiyar kanta. Ya bar ta a nan. Ragowar sabulu da guntayen gashi suka bi layin kitson.

"Wayyo ni!" in ji Murja. "Jiya-jiya anka yi kitson ga!"

Bai ɗaga ba.

Ɗaya kuncin na nan da gashinsa, sabulun hannuna ya bushe ya yi fari-fari. Na kifa askar a kan tsumma. Ruwa na nan cikin kwano, mu kuma babu mai zuwa ko'ina.